Ƙafar Kawu a Majigi

Kawuna, wan mahaifiyata, tela ne a kasuwar Gwaram, amma ba ɗinki ne ya sa aka san shi ba. A shekarar da aka karɓi mulkin kai malaman firamare suka shirya wasan kwaikwayo a filin makaranta, suka rasa wanda zai fito a alƙali, sai ya ajiye almakashi ya ce a ba shi. Daga nan bai ƙara bari ba. Duk bikin da za a yi wasa yana ciki, yau shi ne alƙali, gobe boka, jibi baƙauyen da ya shiga birni ya ɓata. Manyan gari sukan yi dariya har da hawaye a filin, in sun koma zaure kuma su ce tsofai-tsofai da shi yana wasan yara. Galibinsu da za a tsayar da su gaban taro a ce su yi sallama kawai, ba za su iya ba.

Lokacin da kuɗin man fetur suka fara malala ina koyarwa a Birnin Kudu. Wata rana sai ga masu ɗaukar majigi daga Kano, wai za su yi fim a kan kurkunu, don a koya wa mutanen karkara tace ruwa. Shugabansu, wanda suke kira darakta, saurayi ne da ya yi ɗan kwas a Turai ya dawo da baƙin gilashi da lofe. Ban taɓa ganin hayaƙi ya fita daga lofen nan ba. Ko lemo zai saya sai ya yi wa mai tallan Turanci, alhali in ya yi tuntuɓe da Hausar Kano yake zagin dutsen.

Suka ce suna neman tsoho, na ce ina da shi. Na aika Gwaram, Kawu ya zo da farar rigarsa ta Juma'a. Daraktan bai ko amsa sallamarsa ba. Ya zagaye shi kamar mai cinikin akuya, ya ce ya juya, ya ce ya cire hula, sannan ya ce wa mai ɗaukar hoton, "Wannan zai yi. Fuskarsa ta ƙauye ce sosai."

Aikin da aka ba shi bai taka kara ya karya ba. Zai durƙusa a bakin tafki ya sha ruwa, daga baya a nuno shi yana ɗingishi zuwa asibiti, ya dubi malamin asibitin ya ce, "Da na sani da na tace ruwan nan." Shi ke nan.

Kawu ya saurara da kyau, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, shi wannan mutumin manomi ne? Yana da 'ya'yan da za su kama masa aiki?"

Daraktan ya ce, "Baba, ba kowa ba ne. Tsoho ne kawai."

Kawu ya ce, "Ai kuwa ban taɓa ganin tsoho kawai ba."

Daraktan ya riga ya juya baya.

Damina ta kama a lokacin, kurkunu kuwa ya kwantar da mutane a ƙauyukan Fagam. Kawu ya rufe shago ya hau kekensa ya tafi can, ya sauka wurin wani manomi da ya saba yi wa ɗinki, wanda shi ma kurkunun ya kwantar. Ya zauna da shi kwanaki yana kallon yadda ake naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan don kada ta tsinke, da yadda mutumin ke miƙewa, da inda yake dafawa. Da ya dawo ya ce mini, "Ɗana, ba ƙafar ce ke cin mutumin nan ba. Yana kwance yana jin ana noma a gonar maƙwabci, tasa kuwa ciyawa ta rufe. In zai tashi, wajen gonar yake fara duba."

Ya murza farin zare da kakin zuma ya yi tsutsarsa. Ya ɗauko wata tsohuwar taguwa ya yi mata faci irin wanda mutumin da matarsa ta rasu yake yi da kansa, ɗinki manya-manya a karkace, shi da ya shekara yana faɗa da yaran shago a kan karkataccen ɗinki. Ya yi ta ɗingishi a tsakar gida har Inna, matarsa, ta ce in bai daina ba bakin mutane zai mayar da abin gaskiya.

A Gwaram akwai wani Alhaji, da can kalanzir yake aunawa a kwalba, sai kwangila ta faɗo masa ya wayi gari da mota da tumbi. Shi ne kan gaba wajen cewa Kawu ya zubar da girmansa. Da ya ji labarin majigi, sai ga rago da akwatunan lemo sun isa masaukin baƙi a Birnin Kudu. Kafin a gama cin ragon an ƙirƙiro masa matsayi a fim ɗin: shi ne mai kishin jama'a da ya haƙa musu rijiya. Rijiyar kuwa ta kwangilar da aka ba shi ce, ba ta aljihunsa ba.

Ranar ɗauka muka haɗu a wani tafki a kan hanyar Kangire, kusa da sabuwar rijiyar. Kawu ya iso tun da hantsi da taguwarsa da zarensa a naɗe a idon sawu, ya zauna gindin kuka. Aka ce a fara da Alhaji, domin shi mai uzuri ne. Ya fito da babbar riga mai aska takwas a kan wata babbar rigar, gumi na tsiyaya. Guga kawai aka ce ya jefa ya jawo, amma ya kasa. In bai dubi na'urar ya washe baki ba, sai ya ɗaga wa jama'a hannu, ko ya tsaya gyaran hula. Daraktan da ke daka wa kowa tsawa sai ga shi yana cewa, "Ba komai, Alhaji, a sake. Ai kana ƙoƙari."

Haka aka yi ta yi har azahar ta wuce. Kawu bai miƙe ƙafar ba, bai yi hira da kowa ba. Da zai je alwala da ɗingishi ya tafi. Amma da ya fuskanci alƙibla sai ya tsaya sak a kan ƙafafunsa biyu. Da na yi masa magana daga baya sai ya ce, "Ba a yi wa Allah kwaikwayo."

Sai da la'asar ta yi sanyi, hadari kuma ya taso, aka tuna da shi. Na zo da ruwan rijiya a ƙwarya na ce a ajiye ta a gefen tafkin inda ba za ta fito a hoto ba, ya ɗebo daga ciki. Daraktan ya ce babu lokacin wannan, haske zai tafi, kuma yana so a ga ruwan tafkin na zuba daga hannunsa. Ya ƙara da cewa, "Ai sun saba." Wannan daga bakin mutumin da ya zo da ruwan shansa a jarka tun daga Kano.

Na ce, "Kawu, kada ka sha. Ka kai baki kawai."

Ya ce, "In maƙogwaro bai motsa ba, kowa zai gane."

Ya durƙusa ya sha. Daga nan aka nufi ɗakin shan magani na ƙauyen aka ɗauki ɗingishin. Ya miƙe a hankali, ya waiwayi gonakin da ke bayansa, sannan ya fara takawa. Mutanen ƙauyen da suka yini suna dariyar Alhaji suka matso suna kallo, wata tsohuwa ta ce, "Sannu, bawan Allah." Ya faɗi maganarsa a hankali, kamar mai jin kunyar kansa. Daraktan ya ce ya isa, ya shige mota don kada ruwa ya taɓa shi.

Sai da damina ta zagayo aka kawo majigin Gwaram. A lokacin Kawu na kwance, kurkunu na gaske ya fasa masa a ƙafar dama. Na ce ruwan tafkin nan ne. Ya ce, "Wa ya isa ya rantse a ƙasar nan cewa ga ruwan da ya ba shi?" Ni dai har yau ban sauya ra'ayi ba.

Kawu ya ce sai ya ga majigin. Bayan magariba muka ɗora shi a kan jaki zuwa filin makaranta. Alhaji na kan kujera a gaba da 'yan korensa. Shi aka fi nunawa, yana jan guga yana murmushi, 'yan koren na tafi. Da aka zo kan Kawu, bakinsa ya motsa amma ba a ji muryarsa ba. An ɗora ta wani mai sharhi a kai, yana cewa ku dubi abin da jahilci ya jawo wa wannan tsoho. Alhaji ya kwashe da dariya, waɗanda ke cin abinci a gidansa suka taya shi.

A hanyar gida ina ta huci, ina cewa zan je Kano in gaya wa daraktan abin da bai taɓa ji ba. Kawu ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Na yi kuskure a wurin. Na riƙa ɗaga ƙafar da sauri. Yanzu da nake da shi na gane ba ɗaga ta ake yi ba, janta ake yi. Da za su dawo da na gyara."

Ba su dawo ba. Daraktan na ji an ƙara masa girma. Rijiyar Alhaji ta rufta kafin rani na biyu, aka sake ba shi kwangilar gyaranta. Kawu ya yi wata da watanni kafin tsutsar ta gama fita, ƙafar kuma ba ta koma daidai ba, don haka ya koyi taka keken ɗinki da ta hagu. Da bikin mulkin kai ya zagayo, malaman firamare suka zo gaishe shi suna ta inda-inda, suna ganin ba zai iya ba. Ya tambaye su wane wasa za a yi bana, ya ce wa Inna ta miƙo masa sandarsa.