Amsata ga Malam Haladu, bayan shekara shida

Shekara shida ke nan cif da muka kai yayana Isyaku makwancinsa, kuma har yau in na bi ta ƙofar sakandaren da aka kore shi, sai na kau da kai.

Tarihi yake koyarwa, amma haddar sunayen sarakuna ba ta dame shi ba. In ya zo kan yadda kakanninmu suka baro Zazzau suka sauka a nan, sai ya ta da ɗan Gwari ya yi magana da bakin Bazazzagin da aka koro daga gidansa. Ɗan gari kuma ya yi magana da bakin manomin Gwarin da ya wayi gari ya ga baƙi a gonarsa. Wata rana da 'yan gari suka yi wa matan Gwari dariya saboda ɗaukar kaya a kafaɗa, sai ya sa su ma suka ɗauki ƙwaryar doya a kafaɗa, suka zagaya filin makaranta.

Malam Haladu, abokin aikinsa da suke cin tuwo a kwano ɗaya, shi ya rubuta takarda sama, wai Isyaku yana wulaƙanta 'ya'yan manya. Ko kiran Isyaku ba a yi ba, balle a ji ta bakinsa, aka sallame shi. Ya dawo gida ya daina fita, ya rame, cikin shekara biyu ya tafi. Haladu ya gaji ajinsa.

Ina ma Yaya yana nan ya ga yau. An ɗauke sunan garinmu an ba sabon babban birnin ƙasa, mun koma Suleja, ƙauyukan bayan dutsen Zuma ana ce musu su shirya tashi. Yanzu kowa ya san zafin a karɓe maka abinka. Na san da tuni ya mayar da wannan darasi.

Makon jiya Haladu ya turo ƙaninsa, wai ciwon Haladun ya yi tsanani. "Malam Sani, don Allah ka yafe masa, ko ya samu sauƙin tafiya."

Gadon da Yaya ya bar mini wannan ɗabi'ar ce kawai, don haka na zauna na yi yadda ya koyar. Na mai da kaina Haladu, mai tsoron manya, mai kallon ɗalibai suna rububin ajin wani. Na ji tsoronsa, na ji hassadarsa. Na kuma ga duk da haka zai iya ajiye alƙalamin nan, bai ajiye ba.

Haladu, in an karanta maka wannan, na fahimce ka sarai, kuma ban yafe ba. Ka je ka sami Yaya a can, ka yi masa bayani da bakinka.