Sunan da Kaka Ba Ta Faɗa

Jiya a zauren zumuntarmu na waya, ana haɗa tarihin gida, sai aka tsaya cak a kan sunan kakan mahaifinmu. Kawu na Jahun ya ce Idi ne. Yayanmu na Dutse ya ce, "Kawu, a gafarce ni, ni Sule na taɓa ji." Kowa ya bar wa ɗan'uwansa, amma gurbin na nan.

Sai na tuna Kaka. Tana ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya, ƙamshin man shanu na tashi daga kallabinta, tana jero mana dangi tun daga Buji. Da ta iso kansa sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Sai Malam Babba."

Na ce, "Kaka, wa ke nan?"

Ta jefe ni da ɓawon gyaɗa. "Ja'ira, surukin nawa zan kama sunansa? Tambayi ubanki."

Na yi dariya, a zatona lokaci na nan. Yau babu ita, babu Baba.

Ya Allah, Kai Ka san sunansa. Ka haskaka kabarinsa, da na wadda kunya ta hana ta faɗa.