Allon da Ya Ce a Bi Iska

Manniru ɗan Saleh Mai-rijiya, ɗan Uthman, ɗan Bawa Dogo, mutumin Giwa ne ta ƙasar Zazzau. Kakansa da mahaifinsa haƙar rijiya suka yi har ƙarfinsu ya ƙare, kuma ban taɓa jin an ce rijiyar da suka haƙa ta rufta da mutum ba. Shi Manniru bai gaji diga ba. Ya yi firamare zuwa aji shida, ya koyi tuƙi, sannan a shekarar 2001, lokacin da jama'a ke kwararowa Abuja saboda gine-gine da masana'antu sun buɗe baki suna neman hannu, ya sauka a Tungan Maje da matarsa da 'ya'yansa, gida biyu tsakaninmu. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, na rubuta wa ɗalibai shaidar hali ba adadi. Wannan ce kaɗai na rubuta ba tare da an roƙe ni ba.

Ya sami aiki a wata masana'anta da ke unguwar Idu, inda ake haɗa ruwan wanke tufafi da kashe ƙwayoyin cuta. Ba zan ambaci sunanta ba, domin masu ita suna da lauyoyi, ni kuwa alƙalami kawai gare ni. Aikinsa tuƙa motar ɗaga kaya. Cikin abin da yake ɗagawa har da manyan tukwanen ƙarfe na kulorin, wani gas mai launin ɗorawa-ɗorawa, wanda in ya shiga ƙirjin mutum yakan ƙone shi daga ciki. Gas ne mai nauyi: ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya, ya gangara inda iska ta kora shi.

A bangon ɗakin ajiye tukwanen nan akwai allo mai rubutu iri biyu. Na sama Turanci ne, kuma daidai yake: ya ce in gas ya ɓalle, a nufi wajen da iska ke fitowa. Na ƙasa Hausa ne, an rubuta shi da jan fenti saboda leburori, waɗanda kusan dukkansu da Hausa suke jin juna, Bahaushensu da Bagwarinsu da Batibinsu. Ga abin da ya ce: IDAN GAS YA FITA, KU BI ISKA.

Ɗan aji uku ya san ma'anar "bi". Mai bin abu yana bayansa, kuma inda abin ya nufa nan yake nufa. Wanda ya bi iska ya tafi tare da ita da duk abin da ta ɗauko. Daga baya na sami labarin yadda aka yi fassarar: manaja ya leƙa ofis ya ce wa ke jin Hausa, wani akawu mai takardar digiri, wanda Hausarsa ba ta wuce ta cinikin tumatir a kasuwar Wuse ba, ya ɗaga hannu. Kamfanin da ya iya ɗauko injiniya daga ƙetare ya kwana uku a otal bai ga dalilin neman malamin Hausa ko na sa'a ɗaya ba. Leburori kuwa suka mai da allon abin raha, domin a harshenmu in an ce abu ya bi iska, to ya salwanta ke nan. In an tashi aiki sai wani ya ce, "To, jama'a, oga ya ce mu bi iska." Wani ya amsa, "Kai dai ka daɗe da binta, ɗan iska kawai."

Ranar wata Talata cikin watan Yuni na 2008, da hantsi, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta soma kaɗawa zuwa yamma. Ana cikin sauya tukunya sai bakin bututu ya tsage. Jiniya ta yi kuka. Akwai abin rufe fuska a masana'antar, guda takwas, amma suna cikin kabad, kabad ɗin a kulle, makullin kuma yana aljihun jami'in kiyaye haɗari, shi kuwa yana cikin gari wajen taron ƙara wa juna sani kan kiyaye haɗari.

Babbar ƙofa tana yamma, a gangare, kusa da rumfar Lantana mai sayar wa ma'aikata abinci. Can allo ya ce a nufa, can kuma gas ya nufa. A gabas, kan tudu, akwai ƙaramar ƙofa da aka garƙame da sarƙa da kwaɗo tun da aka yi zargin ana fitar da jarka ta nan. Manniru ya tashi a gidan da aka san cewa gurɓatacciyar iska a ƙasan rijiya take taruwa. Ya dubi yadda hayaƙin ke rarrafe a ƙasa, ya miƙe tsaye a kan motarsa yana ihu:

"Ku juyo! Kada ku gangara! Gabas, gabas, ku hau tudu!"

Shugaban sashensu, Mista Thaddeus, ya sha gabansa da hankici a hanci. "Manniru, kai mahaukaci ne? Wannan ƙofa an kulle. Ka bi abin da doka ya ce!"

"Oga, matsa, ko in ɗaga ka tare da ita."

Ya matsa. Manniru ya soka haƙoran motar ƙarƙashin ƙofar, ya tumɓuke ta da ginshiƙanta. Mutum arba'in da uku suka fita ta wannan kafa, har da Mista Thaddeus, wanda shaidu suka tabbatar mini shi ne na uku a fita.

Mutum bakwai ba su ji ihun ba, ko sun ji amma suka fi gaskata rubutu. Cikinsu akwai Ishaya, mai haɗa kwali, dattijo mai bin ƙa'ida, wanda a shekara tara bai taɓa makara ba. Sun bi iska. Gas ya cim musu a gangare. Manniru ya jiƙa rigarsa a famfo, ya ɗaure fuska, ya zagaya ta bayan katanga da wasu mutum huɗu, suka janyo su ɗaya bayan ɗaya zuwa kan titi. Lantana, wadda Allah ya kuɓutar domin ta je sayen kayan miya, ta iso da gudu riƙe da kwalbar manja tana son ɗura wa Ishaya.

"Baba Manniru, manja ne maganin guba, kowa ya sani!"

"Iya Lantana, ba a cikinsa take ba, a huhunsa take. Kin ɗura masa kin shaƙe shi. Kawo ruwa, a wanke musu ido, a cire rigunan nan."

Ya tare motar itace a titi aka kai su asibiti. 'Yan kwana-kwana suka zo da kayan numfashi suka toshe bututun. Babu wanda ya mutu. Amma Ishaya har yau ba ya iya hawa matakala uku bai tsaya ya dafa bango ba.

Mako guda bayan haka aka ba Manniru takarda. Ni ya kawo wa na karanta masa, kuma na karanta ta sau biyu domin ban yarda da idona ba. An sallame shi daga aiki bisa laifi biyu: lalata dukiyar kamfani, wato ƙofa, da saɓa wa rubutacciyar ƙa'idar gaggawa. Turancin takardar babu kuskure ko ɗaya. Har waƙafi a wurinsa yake. Ashe sun san inda ake samun mai iya rubutu in abin ya shafi ƙofarsu.

Na rubuta wasiƙu huɗu zuwa hukumomin da abin ya shafa, na yi bayanin kalmar nan ta "bi" dalla-dalla kamar ina gaban allo. Ɗaya ta yi tasiri: aka sanar da cewa masu bincike za su zo. Nan da nan sai kamfani ya tuna da hanyar Tungan Maje. Mista Thaddeus ya zo da kansa, ya zauna a kan tabarmar Manniru da wandonsa mai guga, ya fito da wata takarda. Ina wurin. Takardar ta ce allon daidai yake, ma'aikata sun fahimce shi, kuma waɗanda suka jikkata ihun Manniru ne ya ruɗa su suka rasa hanya. In ya sa hannu, zai koma aiki ranar Litinin, a kuma ba shi shugabancin direbobi.

"Ka yi tunanin yaranka, Manniru. Oga ya yafe maka ƙofa."

"Ya yafe mini?"

"Ya yafe duka."

"To ka gaishe shi. Ka ce masa ni ban yafe ba."

Masu bincike sun zo, sun zagaya, an kai su cin abinci. Rahotonsu ban gan shi ba har yau, ko da yake na nema a rubuce. Manniru yanzu dako yake yi a kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, yana sauke siminti daga tirela, yana da shekara hamsin da ɗaya da 'ya'ya shida. Babbar 'yarsa, Ikilima, wadda ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, tana gida.

Ni kaina, da nake taƙama da gaskiya, na kwana biyu ina raya wa zuciyata cewa da ya sa hannun, ba wanda zai zarge shi. Wata rana da la'asar ya biyo ta ƙofar gidana, gashin kansa fari fat da siminti. Na ba shi kujera, na ce, "Manniru, ina so in ji daga bakinka. Ka riga ka ceci mutane, ka sauke nauyinka. Me ya hana ka sa hannu ka ceci gidanka?"

Ya karkaɗe simintin tafin hannunsa, ya amsa.

"Malam, allon nan ni na kafa shi. Ni aka ɗaga a kan motata, da guduma da ƙusa huɗu. Na karanta shi tun yana hannuna, na ce wa oga wannan magana a juye take. Ya ce tuƙi aka ɗauke ni, ba karatu ba. Na ce to, na buga ƙusoshina, na sauko. Shekara uku ina wucewa ta gabansa ana raha ina dariya. Ishaya ya karanta abin da na kafa, ya gaskata shi. Sau ɗaya aka ce in sa hannuna a ƙarya na sa, kuma kullum na je gaishe shi ina jin ta a ƙirjinsa. Ba zan sa na biyu ba."