Ciyawar da Delmer Ya Yanka

Shekara talatin da takwas Delmer Hruska ya yi yana kiwon shanun gidan Kuhlman a tuddan yashin Nebraska. Bai taɓa mallakar ko taku ɗaya na ƙasa ba. Abin da yake da shi ɗaki biyu ne a bayan rumbun ciyawa, inda matarsa ta cika, sai kuma suna: mutum ne da ba a sa shi aiki, don kafin a buɗe baki ya gama.

Da tsoho Kuhlman ya rasu, filin ya koma hannun ɗansa Royce, wanda Delmer ne ya fara ɗora shi a kan doki. Royce ya sa hannu da gwamnati: za a riƙa biyansa duk shekara in ya bar fadamar gabas ba yanka har tsakiyar Yuli, sai tsuntsayen da ke sheƙa a cikin ciyawar sun gama ƙyanƙyasa. Ya gaya wa matarsa, ya gaya wa banki. Shi Delmer ba a saba gaya masa komai ba.

Ranar farko da ƙasa ta tsane a watan Yuni, Delmer ya hau tarakta kamar kowace shekara. Kafin yamma ciyawar fadamar ta kwanta. Ya dai lura hankaki sun yi yawa a bayansa.

Bayan kwana uku jami'ar gwamnati ta zo dubawa. Ta sa bakin takalmi ta juya wata sheƙa, ƙwai a farfashe.

"Mista Kuhlman, wannan ya isa a soke yarjejeniyar," in ji ta. "Sai fa in ba da saninka aka yi ba."

Royce ya dubi Delmer, ya yi 'yar dariya. "Sau uku na gaya masa. Kawu, ban gaya maka ba? Kan ne ya fara kwancewa, ranki ya daɗe. Shekaranjiya fa ya zuba wa kare abincin kaji."

Delmer ya cire hula, ya jujjuya ta a hannu. "In ka ce ka faɗa, Royce, to ka faɗa."

"Kin ji ko? Ko tunawa ba ya yi."

Ta rubuta. Ta tambaya ko za a ci gaba da barinsa kusa da injuna. Royce ya ce ina, ai an ma riga an nema masa wuri.

Ranar Asabar matar Royce ta kawo kwalaye da gurasar tuffa mai ɗumi. "Kawu, a gari ga likita kusa. Ka huta haka nan."

Royce da kansa ya kai shi gidan tsofaffi, shi ya cike takardar. Aka karanta abin da ya rubuta, aka ba Delmer gado a ɓangaren masu ruɗewar tsufa, wanda ake kulle ƙofarsa ta waje.

A watan Agusta aka rushe ɗakunan nan biyu, aka watsa irin ciyawa a wurin.