Ranar da Kakata Ta Jiƙa Littafin Adabina

Jiya ruwan na'urar sanyaya ɗaki ya ɗiga a kan jaridar da na bari a taga. Ina ɗaga ta warin jiƙaƙƙiyar takarda ya buge ni, sai ga ni a unguwar Ainu Shams, ɗan shekara goma sha bakwai, a hawa na shida na wani gini da in ka kai ƙarshen matakalarsa sai ka sake aski.

A nan aka haife ni. Karatu ne ya kawo babana Masar. Karatun ya ƙare, zaman bai ƙare ba. Shekarar da zan rubuta jarrabawar ƙarshe ta sakandare ya zaunar da ni, ya ce idan makina bai kai na shiga jami'a ba, babu iƙama, wato takardar izinin zama, sai dai in tafi gida in tsare shagon kawuna, a garin da ban taɓa gani ba sai a hoto. Darasin da ke ja mini ƙafa kuwa adabin Larabci ne. Wata takwas ina cika littafi guda da alƙalamin tawada: baitoci, sharhinsu, tarihin mawaƙan. Na rame har wandona ya fara neman wani mai shi.

A lokacin zafin nan ne kakata ta zo aikin ido. Kullum tana kan tabarma a bakin baranda, ido ɗaya a ɗaure, tana jan carbi, ni kuma ina kai da komo ina rera baitoci da ƙarfi, yadda baba ya koya mini hadda.

“Maigidana,” takan ce, “karatun nan zai cinye ka tun ban ci gadonka ba.”

Ana saura kwana uku jarrabawa, na dawo daga sayen burodi na tarar da kwanon sha a gabanta. Littafina na ciki. Ruwan ya yi shuɗi. Ka san ita ba ta karatu. Duk abin da aka rubuta da Larabci mai tsarki ne a wurinta, kuma ta san yadda ake shigar da shi cikin yaro.

“Yi bismilla ka shanye,” ta ce. “Har zuma na sa maka.”

Ban sha ba. Na daka mata tsawar da har yau in na tuna sai in sunkuyar da kai. Na ce khalas, shi ke nan, ta kashe ni, ta tattara ta koma ƙauyensu. Ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta ajiye a bayan ƙofa.

Da la'asar ina ta ɓamɓare shafukan da suka manne kamar ƙanzo, sai na ji ta ja baitin farko, da irin karina, har da wurin da nakan tsaya in yi tari. Wata biyu tana saurarona. Ta haddace, ba ta san ma'anar ko kalma ɗaya ba. Addu'a ta ɗauka. Alhali wani ne yake yabon raƙumarsa. Kwana ukun nan haka muka yi su: ta kawo baiti, ni in tuno sharhinsa in rubuta. Inda ta manta, muka rasa shi tare.

Sakamako ya fito bayan ta koma gida. Na haye da tazarar da ba ta kai kaurin gashin gira ba. Na ce ba zan ba ta haƙuri ta bakin wani ba, sai na je hutu na durƙusa a gabanta. Ba ta kai hutun ba.

Yanzu ɗiyata ce ke jiran nata sakamakon, ta daina cin abinci kamar ubanta. Karatunta duk a waya yake, da abin ji a kunne, shiru kamar mai satar jin sirrin gwamnati. Shekara guda muna gida ɗaya tana fama, amma ko da bindiga za a tsare ni, ba zan iya kawo baiti ɗaya daga abin da ta karanta ba.