Tsokar Babba

A layinmu na Ƙofar Marusa har yau ana ciyayya. Da an sallame Magariba kowane magidanci zai fito da kwanonsa ƙofar gidan liman, a baje tabarma, a zagaye. Ka'idar ita ce ba mai taɓa nama sai babban cikinmu ya ɗauka, kuma tsokar da ta fi kowace girma tasa ce. Ina ta ganin tsofaffi suna ɗauka suna wucewa, har abin ya iso kaina. Sai dai ya iso a makare, lokacin da ciwon suga ya gama kaɗe min haƙora.

Ɗana ya kai ni aka yi min na roba, sama da ƙasa. Ranar da na fito da su abokai suka yi ta tsokanata, wai ango ya dawo. Ni ma na ji daɗi, don na daɗe ban yi dariya baki buɗe ba. Ba wanda ya gaya min robar za ta rufe ganɗa, miyar kuka ta koma min kamar ruwan wanke tukunya, tuwo ya riƙa liƙewa yana janyo na saman. Goro kuwa sai dai in karɓa in sa aljihu.

Wata rana aka turo min tsokata, ta tsohon sa mai jijiya. Na gatsa, haƙoran ƙasan suka taso har leɓe. Na yi maza na kare baki da hannun riga. Ba wanda ya yi dariya, kowa ya duƙufa kan lomarsa. Wallahi da sun yi dariyar da ta fi min sauƙi.

Washegari na buɗe kwanuka: fate, faten wake, tuwo ruwa-ruwa. Ko ƙashi babu. Haka jibi, haka gata. Ƙarti masu haƙoran fasa ƙashi suna lasar fate saboda ni! Raina ya ɓaci, kunya kuma ta fi ɓacin ran yawa. Na ce likita ya hana ni cin dare. Liman ya dube ni ya ce, "Alhaji, mi munka yi maka?" Na ce ba komai, na tashi.

Yanzu a ɗaki nake ci ni kaɗai, haƙoran suna cikin kofi a gefe, ina tauna da dasashi yadda na ga dama. Tun rasuwar matata ba mai zama kusa da ni in ina ci. Ta katanga nake jin muryoyinsu, ina gane wanda ke ba da labari da wanda ke ƙaryata shi. Ina kewarsu ƙwarai.

Kwanon gidana dai bai daina fita ba, ɗana ke kaiwa. Kullum in ya dawo da shi sai in tarar da tsokar babba a ciki, an yayyage ta sili-sili da yatsu. Ban taɓa tambayar wa ke yi ba. Ina ci.