Tatsuzo da Mai Zanen da Ya Ƙi Mutuwa

Mijin yayata, Kuroiwa Tatsuzo, ya yi aiki a wata masana'antar maɓallan riga a gabashin Osaka har gashinsa ya yi fari, amma ban taɓa jin ya yi hirar maɓalli ba. Hirarsa ɗaya ce: jajayen littattafai. Ƙananan littattafan labarin zane ne da aka riƙa bugawa bayan yaƙin duniya na biyu a kan takarda mai arha, bangonsu ja wur, ana sayar wa yara a rumfunan alewa. A zamaninsu iyaye kan ƙwace su su hura wuta da su. Waɗanda suka tsira daga murhu kuwa, yau sai mutum ya sa safar hannu kafin a bar shi ya taɓa.

Gidansu ɗaki biyu ne da kicin. Babban ɗakin, mai taga da iska, na littattafai ne. Shi da Yaya Sumie suna kwana a ƙaramin. An hana suyar kifi a gidan, wai hayaƙin mai yana ɓata takarda, don haka duk ranar da Yaya ta ji marmarin kifi sai ta ƙullo shi ta zo gidana. Kowane littafi yana cikin leda, ledar tana cikin wata ledar, ita kuma tana cikin akwatin katako. Wata rana na tambaye shi yadda wani labari ya ƙare, sai ya dube ni kamar na zagi iyayensa.

"Kai Noboru, karatu ai shi ke kashe littafi," in ji shi.

Cikin dukan masu zanen wancan zamani, gwaninsa shi ne Shiomi Kappei. Mutumin ya fitar da 'yan littattafai kaɗan a kan wani jarumi mai takobi da ke yawo gari gari, daga nan aka daina jin ɗuriyarsa. Abin da ya bambanta zanensa shi ne ba a taɓa ganin hannun jarumin ba. Ko dai yana cikin hannun riga, ko a bayansa, ko ciyawa ta kare shi, ko hayaƙi ya taso daidai wurin. Ko takobi zai zare, sai wani tsuntsu ya gitta.

A kan wannan ne Tatsuzo ya kafa Ƙungiyar Tunawa da Marigayi Shiomi. Babu wanda ya ga gawarsa ko kabarinsa, amma duk sun yarda cewa ya mutu yana matashi, da tarin fuka, cikin talauci, a wani ɗakin haya mai yoyo. Irin wannan mutuwar ce ta dace da zanensa. Har ranar rasuwa suka zaɓa masa a cikin kaka, suna taruwa a saman wani shagon kofi su sunkuyar da kai. Likita Nukata, mai cire haƙori, shi ne babban mai sharhin ƙungiyar, kuma a ra'ayinsa ɓoye hannun nan kunyar ƙasa ce da ta sha kashi a yaƙi. Tatsuzo kuwa ya ce baƙin cikin maraya ne wanda ba shi da hannun da zai riƙe. Sun shekara da shekaru suna wannan gardama, har sun taɓa daina gaisawa. Ni dai an sa ni cikin ƙungiyar ne saboda ina da mota.

Yaya Sumie ce ta rusa komai, ba da niyya ba. Ta bi matan unguwa yawon shaƙatawa zuwa Wakayama, ta dawo da tsarabar 'ya'yan itacen ume masu tsami da ake jiƙawa da gishiri. Ta ce a shagon da ta saye su akwai wani tsoho mai barkwanci da ke yi wa masu saye zane a kan takardar naɗi. Ina zaune Tatsuzo ya ɗauki takardar zai jefa a shara, sai na ga ya tsaya cak. Jarumin nan ne, da takobinsa, da sa hannun da ya shekara arba'in yana duba da madubin ƙara girma. Tawadar kuma sabuwa fil.

Ya zauna daɓas, fuskarsa ta yi fari.

"Lafiya? Wani ne ya rasu?" Yaya ta tambaya.

"Yana da rai," ya ce da murya ƙasa ƙasa.

"To ai abin murna ne."

Ya shimfiɗa takardar a kan tebur yana lallaɓe ta.

Ranar Lahadi na kwashe su, shi da Likita Nukata, muka nufi Wakayama. Dukanmu mun sa baƙaƙen kwat, domin su kaɗai muke da su, kuma na zuwa jana'iza ne. Matar da ke tsaron shagon, Chizuru, 'yar tsohon, da ta gan mu sai da ta leƙa ciki ta tabbatar mahaifinta na nan ƙalau.

Ƙalau ɗin kuwa yake. Ya haura tasa'in, kumatunsa jajaye, muryarsa kamar ta mai tallan kifi. Muka same shi a baranda yana cin shinkafa da ume, ruwan 'ya'yan itacen ya rina masa yatsu. Babu alamar ya taɓa yin tari a rayuwarsa. Tatsuzo ya durƙusa, goshinsa har ƙasa.

"Malam, mun daɗe muna girmama aikinka."

"Na ume? Ai Chizuru ce ke yi yanzu."

"Na zane, Malam."

Tsohon ya fashe da dariya har shinkafa ta tsarto. Likita Nukata ya gyara zama ya fara jawabin da ya yi ta bita a mota, a kan yaƙi da kunya da hannun da ya ƙi bayyana. Tsohon ya kafa tafinsa a bayan kunne yana saurare har ƙarshe.

"Au, hannu? Ban iya ba ne," ya ce. "Yatsu biyar biyar fa, kowanne da inda ya nufa. Mai ɗab'i kuma yana tsaye a kaina yana jiran littafi. In na zana hannu sai ya fito kamar ayaba. Sai na ce to, bari tsuntsu ya wuce."

Likita ya karkato ya raɗa mini, "Ka ji tawali'un manya."

"Me ya sa Malam ya bar zane?" Tatsuzo ya tambaya, da sauran fata a muryarsa, ko za a ambaci wata cuta.

"Aure na yi. Surukina yana da gonar ume. Ka taɓa ganin wanda ya ƙoshi da zanen takobi?"

Da an tsaya nan da abin ya zo da sauƙi. Amma Tatsuzo ya zo da littafin da ya fi kowanne daraja a akwatinsa, na farko da Shiomi ya fitar, wanda ake cewa kwafinsa da suka rage a duniya ba su da yawa. Ya zare ledar farko, ya zare ta biyu, ya miƙa da hannu biyu tare da fararen safar hannu. Tsohon ya karɓi safar ya goge baki da ita. Ya lashi yatsa, ya buɗe littafin ya danne shi a gwiwa. Muka ji ƙashin bayan littafin ya ce ƙas. Tatsuzo ya yi wani ɗan sauti kamar an taka kyanwa.

"Kai, dubi wannan shirme!" tsohon yana faɗa yana bugun cinya. "Wa ya bar ni na buga wannan? Tsaya ka gani. Ai daga baya na koyi hannu."

Ya zaro biro daga aljihu, shuɗi, irin wanda ake rabawa kyauta. A shafin da hayaƙi ya rufe hannun jarumin, ya zana hannu a kan hayaƙin, da yatsu biyar da farce da jijiyoyi. Gaskiya hannun ya yi kyau. Ya juya shafi, ya bar tambarin babban yatsansa ja a gefe, ya ƙara wani hannun. Ba yadda za a yi mutum ya fizge littafi daga hannun malamin da ya rubuta shi. Tatsuzo yana durƙushe, gumi na ɗiga daga haɓarsa, duk shafin da aka gama sai ya sunkuya ya ce, "Na gode, Malam."

A hanyar dawowa, da muka zo bakin teku, Tatsuzo ya ce in tsaya. Ya fita ya tsaya yana kallon ruwa, har Likita ya ce in je in tsaya kusa da shi don kada a yi abin da ba a so.

Ƙungiyar ta rabu biyu. Ɓangaren Likita Nukata suka ce littafin ya zama abin da babu irinsa a duniya, tunda mai shi ya kammala shi da hannunsa. Ɗaya ɓangaren suka ce Shiomi na gaskiya shi ne wanda bai iya hannu ba, wannan tsohon mai ume kuwa ɗan kutse ne a cikin aikin marigayi. Aka kai littafin wajen wani dillalin tsofaffin littattafai don ya raba gardama. Ya juya shi, ya shinshina, ya ce shi dai ƙamshin ume yake ji.

Ana cikin haka Chizuru ta bugo waya. Ta ce tun zuwanmu Baba ya ƙi zama, ya sayi biro kwali guda, yana so ya zo Osaka ya gyara sauran littattafan kafin lokacinsa ya yi.

Da sassafe Tatsuzo ya iso gidana.

"Noboru, kawo motarka."

"Ina za mu?"

"Gidanka za mu kai littattafan. Duka."

"Malam fa? Ba shi ne ka ce ka fi so duk duniya ba?"

"Ina son sa mana. Shi ya sa nake kare shi daga wannan mutumin."

Muka yi ta jigilar akwatuna har gidana ya zama sai da gefe ake shiga banɗaki. Da tsohon ya sauka daga jirgin ƙasa da kwalin bironsa, Tatsuzo ya sunkuya ya ce an ari littattafan zuwa wani baje koli a can arewa mai nisa. Tsohon bai damu ba. Ya ga babban ɗaki fayau, ya miƙe ƙafa, ya ce yunwa yake ji. Yaya Sumie ta dubi mijinta, ta dubi ɗakin da babu littafi ko ɗaya, ta ɗora kasko. Suka ci suna hira kamar tsofaffin abokai. Don kada bironsa ya koma a banza, ya zane musu ƙofar ɗakin, wadda aka lulluɓe da takarda, da hannaye, wasu riƙe da takobi, wasu riƙe da tsinken cin abinci. Bayan tafiyarsa na ce wa Tatsuzo ya cire ƙofar ya adana. Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Sabon abu ne. Wa zai kula shi?"

Kafin kaka ta zagayo, Tatsuzo ya rushe ƙungiyar ya kafa wata, ta wani mai zane daban da ya ƙware a kan dodannin ruwa. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Sai da na kai shi wata maƙabarta a Nara ya ga dutsen kabarin da idonsa, ya karanta sunan, ya shafa rubutun. Sannan ya nemi mai kula da wurin ibadar da ke maƙabartar ya tambaye shi ko ya halarci jana'izar da kansa. Da mutumin ya ce ya halarta, Tatsuzo ya sake tambaya ko ya ga fuskar mamacin. Muka dawo yana ta fara'a a mota, har ya saya mini abincin rana.

Littattafan Shiomi suna gidana har yanzu. Malam kuwa yana zuwa Osaka duk wata, yana cin girkin Yaya, yana tambaya ko an gama baje kolin. Tatsuzo kan ce an ƙara wa'adi saboda jama'a sun yi yawa. Tsohon kan yi murna ƙwarai, ya ce ba komai, shi ba sauri yake yi ba, likitansa ya ce zai kai ɗari.